Shekarar da Na Mayar da Buhu

Mu biyu Allah ya bar wa iyayenmu, ni da Yaya. Da Baba ya rasu, abin da ya bari mai sunan dukiya shi ne 'yar fadamar nan ta bayan garinmu, can wajen Tsanyawa, inda ake noman shinkafa tun kafin a haife ni. Ba wata babba ba ce. In ka tsaya a wannan bakin ka yi sallama, wanda ke wancan bakin zai amsa maka ba sai ka ɗaga murya ba. Amma ita ke riƙe da gidan Yaya, shi da matarsa da tarin 'ya'yansa, don 'yar gonar tudun da yake zuba dawa da gero ba ta kai su ko tsakiyar bazara.

A garinmu ba a cika raba irin wannan fadama ba. Malamai sun faɗi rabon kowa, kowa ya san nasa, amma macen da aure ya kai wani gari takan bar nata a hannun ɗan'uwanta. Shi kuma duk kaka, in an yanke shinkafa an buge, sai ya aika mata da buhu guda. Muddin buhun nan yana zuwa tana karɓa, gona tana nan a haɗe, kuma ba mai buɗe baki ya ce wane ya cinye wa 'yar'uwarsa gado. Na san wannan tun ina yarinya, don na sha zama kusa da Baba yana ɗinke bakin buhun Gwaggo da basilla. Sani ne dai irin na abin da ido ya saba gani, ban taɓa zama na yi tunani a kai ba.

Aure ya kawo ni Bacirawa, a nan gefen birni. Maigidana tela ne, haifaffen birni, wanda bai san bambancin shukar shinkafa da ciyawa ba. Lokacin da na tare, daga ƙofar gidanmu ana hango gonaki. Yanzu duk an yanka su filoti, ko'ina bulo ne da kwano. Duk shekara, da an yi kaka, sai direban motar garinmu ya kira ni in je tasha in ɗauki saƙo. In ɗauko a adaidaita sahu, ina zaune a gefen buhun kamar wadda ta dawo daga Makka.

Kai, na yi fankama da buhun nan! Shinkafa ce da matar Yaya ke gumawa da hannunta: ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya a tsakar gida tana korar kaji, sannan a kai inji. In ana dafa ta, har layi ake jin ƙamshi. Nakan ɗibi kwano-kwano in aika wa maƙwabta, in ce su ɗanɗana ta gidanmu, su huta da 'yar kanti mai kama da roba a baki. In wata ta yaba, sai in ce, "Ai mu a garinmu shinkafa ba abin magana ba ce." Haka nake faɗa, da bakina.

Ni kuma abin da nake kai musu in zan je, an san shi: kwakwa biyu, dabino, da burodi mai yanka-yanka. Kwakwar ce yaran suka fi so. A fasa ta a kan turmi, a yi rigima a kan ruwan, a ɓamɓare ta da wuƙa kowa ya sami ɗan yanki ya yi ta gatsa kaɗan-kaɗan don kada ta ƙare. Ina kallonsu ina jin daɗi, ina ganin na yi zumunci. Kwakwa biyu a leda nake shiga da su, buhu guda ya biyo ni gida, kuma ban taɓa ɗora abubuwan nan biyu a ma'auni ɗaya ba.

Sai shekarar da ruwa ya yi gyara. Shinkafa ta yi ciki, tana shirin fitar da kai, aka yi wani ruwa da ya cika fadamar har ya shanye ta, ya kuma ƙi janyewa da wuri. Ɗan abin da ya tsira a gefe-gefe, tsuntsayen jan-baki suka sauka a kai. A waya na ji labari. Na yi wa Yaya jaje, ya ce mini an gode Allah, an samu na rufin asiri. Yaya ke nan. Ko gidansa ne ke ci da wuta, in ka tambaye shi zai ce maka da sauƙi. Da kaka ta yi kuwa, direba ya kira ni kamar kullum, na je na tarar da buhu cike taf, an ɗinke shi da irin ɗinkin Baba. Na ce ashe dai abin bai kai yadda ake faɗa ba, na ɗauko na fara rabon maƙwabta.

Bayan 'yan makonni na shirya na je yi musu bangajiyar kaka, da kwakwata da dabinona. Ni da matar Yaya akwai wasa tsakaninmu tun tana amarya. Ina ce mata matarmu, tana ce mini 'yar birni. Da azahar ta kawo mini shinkafa da wake a langa, da ɗan mai da yaji, ta ajiye mini a tabarma. Na wanke hannu na fara ci, sai na lura yaran suna can gindin bango sun kewaye kwano ɗaya na tuwon dawa da miyar kuka, miyar tsararo, ba alamar mai a kanta. Duk lomar da na kai baki da idanunsu take tafiya.

Na ce, "Ke matarmu, wannan wace irin rowa ce? Gidan manomin shinkafa, a ce yara na fama da tuwo da tsakar rana? Ki ji tsoron Allah mana!"

Ta yi dariya, ta ce in taso in ga wani abu. Ta shigar da ni ɗakinta, ta nuna mini buhu ɗaya da aka ɗora a kan duwatsu a lungu, an rufe shi da tsohon zane. Ta ce, "Bana buhu biyu muka tashi da su da 'yan kwanuka. Wannan shanshera ce mai ɓawonta, iri ne, ko yunwa za ta kashe mu ba a taɓa shi. Ɗayan yana gidanki. 'Yan kwanukan kuwa, ga su can kin fara ci."

Ba da ƙorafi ta faɗa ba, sai kamar mai ba da labarin kasuwa. Har ta ƙara da cewa in daina zare ido, ai ko a shekarar albarka su ba cin ta suke yi ba. Sayarwa ake yi a sayi taki da magani da kayan makaranta, a sayi masara da ta fi auki. Shinkafa a gidan sai ranar Sallah, sai kuma in an yi baƙo irina. Ta ce, "Ke kike zuwa kullum ki tarar da ita a langa, shi ya sa kike zaton ita muke kwana muna tashi da ita."

Na koma kan tabarma. Na tura wa yaran langar, uwarsu ta daka musu tsawa, ta ce ba a yi wa baƙo haka. Dole na ɗan ƙara loma biyu na ce na ƙoshi, sannan aka ɗauke aka ba su saura. Yadda suka kankare langar nan, har yau in na ji ƙarar cokali a jikin kwano sai gabana ya faɗi.

Na dawo Bacirawa da baƙin ciki, na zayyane wa maigidana komai. Ya ajiye almakashi ya ce, "Subhanallahi. To ki mayar musu mana, mu ai ba za mu rasa na sawa a tukunya ba." Shi ba laifinsa, bai san garinmu ba. Ni da na sani, tausayi da kunya suka rufe mini ido, ban tuna komai ba sai idanun yaran nan. Na je kasuwa na auno 'yar gida na cike gurbin abin da na raba wa maƙwabta, ya ɗinke mini bakin buhun, na kai tasha ranar da kasuwar garinmu ke ci, don ranar ce mota ke shiga har ciki. Sannan na kira Yaya.

Na ce, "Yaya, ga buhu nan na ba direba ya dawo da shi. Bana ku bar shi, yara su ci. Wallahi mu muna da abinci."

Ya ce, "Auta, ke kika yanke wannan shawara, ko maigidanki?"

Na ce mu biyu muka ga ya dace.

Ya ce, "To. Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Ya kashe.

Ni kuwa, sokuwa, har wani sakayau na ji. Na yi kwanaki ina yabon kaina a zuci, ina hango yaran a gaban tire na shinkafa.

Wata ranar Laraba da hantsi ina wanki, aka yi sallama. Na ɗaga kai na ga matar Yaya, ita da mota ke sa wa amai, wadda rabonta da gidana tun sunan ɗana na fari. Na ce, "Lale da matarmu! Yau an tuna da 'yan birni?" Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa. Ta ce, "Me muka yi miki?"

A tsaye ta gaya mini. An sauke buhun a tsakiyar kasuwa, direba yana ƙwala kiran Yaya yana cewa ga saƙon ƙanwarsa ya dawo. Kafin la'asar gari ya ɗauka. A garinmu macen da ta mayar da buhu gonarta take so a cire mata, ba wata fassara. Kuma ba mai fitowa fili ta ce a raba, kunya ba ta bari. Dukkansu da irin kalmomina suke zuwa, bana ku bar shi, yara su ci. Ko bara 'yar maƙwabtanmu haka ta yi, da daɗin baki da addu'a, bayan wata guda aka auna mata nata ta sayar wa wani mutumin birni, ya kewaye da bulo. Ga shi ni kuma ina aure a unguwar da kullum ake yanka gonaki, ga shi na ce da maigidana muka yanke. Yaya ya riga ya gaya wa liman da mai unguwa da dattawa, jibi bayan an sauko daga Juma'a za a je a raba.

Na ce, "Innalillahi! Wallahi tallahi ba nufina ke nan ba. Ke ma kin sani, ke kika nuna mini ɗakinki!"

Ta ce, "Ni na sani. To ni ce gari? Na gaya masa har na gaji, ya ce in yi shiru, haƙƙinki ne, ba zai tsaya gaban Allah da gonar marainiya a wuyansa ba." Ta ce in aka cire kashi ɗaya cikin uku na fadamar nan, abin da ya rage ba zai biya takinsa ba, sai dai Yaya ya bar gida ya shigo birni dako. Ta ce ta yi nadamar buɗe mini ɗakin nan, da ta bar ni da rowar da na ce tana yi.

Na tambaye ta ko yaran sun ci shinkafar dai. Ta dube ni kamar na zautu. Buhun yana zaure, inda aka jingine shi, ko zaren ba a taɓa ba.

Washegari da safe muka kama hanya tare. Ban shiga gida ba, na zarce fadama, don an ce yana can. Ruwa ya janye, ƙasa ta tsattsage, sai guntayen karan shinkafa. Na hango shi ya sunkuya yana buga turke da dutse. Bai jira dattawa ba, ya riga ya jera turaku ya ja igiya, don kada a wahalar da mutane ranar Juma'a. Na matso na ga inda ya ja layin. Fadamar tana da kwari inda ruwa ke kwanciya, nan shinkafa ke yin kyau, tana da gefen tudu mai yashi da sai an yi da gaske. Kwarin ya ware mini.

Ban ko gaishe shi ba. Na ce, "Yaya, wannan mene ne? Ni na ce maka ina son gona? Me zan yi da gona, ni da ko lauje na manta yadda ake riƙewa?"

Ya miƙe a hankali, ya share hannu a riga. Ya ce, "Sannu da zuwa, Auta. Buhu ya dawo."

"Don yaranka su ci na dawo da shi! Tuwo ba mai suke ci, ni ina can ina rabon shinkafarsu a layi!"

Na kama turken farko na jijjiga na tumɓuke, na yi jifa da shi. Na bi na biyu, na uku, ina kuka ina masifa, mayafina na jan ƙasa. Na ce masa taurin kansa ya fi na Baba, na ce da ya ɗauki waya ya tambaye ni da bakinsa ai da bai mutu ba. Yana tsaye yana kallona, bai hana ni ba. Da na gama ina haki, ya ce, "Ko kin cire duka, buhu yana zaure."

Muka zauna a kan kunyar gona, na shiga kawo dabaru. Na ce a shigar da shi ciki, a gaya wa mutane na karɓa. Ya ce a ƙauye ake ɓoye ƙamshin shinkafa? Kuma 'ya'yansa ba za su ci abinci a ɓoye kamar kayan sata ba. Na ce to na karɓa, ya zama nawa, ni kuma na ba 'ya'yan wana kyauta, wa zai hana ni? Ya ce a wata shekarar ba mai hana ni, amma bana, bayan abin da aka gani a kasuwa, cewa za a yi baki muka haɗa, ko kuma tsoron bakin mutane ya sa na janye alhali raina na kan gonar. In dai ba na son a raba, to buhun nan ya fita daga gidansa da rana, ido na gani, ya hau mota tare da ni.

Na ce, "Su kuma yaran fa?"

Ya ce, "Allah da ya halicce su bai manta da su ba, akwai dawa." Ya murza ɓawon ƙasa a hannu. "Auta, ni ban yi boko ba, ban gina gidan bulo ba, ban taɓa kai ki ko asibiti da kuɗina ba. Abu ɗaya nake yi a shekara da ke nuna ni wanki ne. Da ya dawo, ji na yi kamar kin ce ba ki da kowa a garin nan. Kada ki ƙwace mini shi."

Na tattara turakun da na watsar na ɗaure da igiyarsa, na ce a kai wa matarsa ta hura wuta.

Ya aika aka gaya wa liman da mai unguwa cewa ba sai an fita ba. Da la'asar, lokacin da mutane suka cika bakin hanya, ya shiga zaure ya sa aka ɗora masa buhun a kai. An kawo baro ya ƙi. Ina biye da shi ina kallon jijiyoyin wuyansa, da ƙafafunsa da suka faffashe, da rigar da kafaɗarta ta sha faci. Ya bi ta ƙofar masallaci, wadda ba ita ce hanya mafi kusa ba. Duk wanda muka wuce sai ya tsaya ya ce masa, "Auta ce ta zo ɗaukar shinkafarta. Ashe ɗinkin ne bai yi mata ba!" Ya yi dariya, su ma su yi. Rabona da in ga Yaya cikin farin ciki haka tun ranar aurensa.

Aka ɗaure buhun a bayan mota. Na san abin da ya rage mini, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Na gode, Yaya. Allah ya ƙara albarka, Allah ya kai mu ta baɗi." Mutane suka amsa da amin. Yaran suna tsaye a jere suna ɗaga mini hannu, ba ko kwakwa a hannunsu, don a gigice na fito ban riƙo musu komai ba. Uwarsu ba ta rako ni ba, ta koma ɗora tuwon dare.

Mun ci shinkafar nan a gidana har ta ƙare, don ba yadda zan yi da ita. Ranar da ɗana ya ture faranti ya ce akwai tsakuwa, shi 'yar kanti yake so, na yi masa faɗan da har maigidana ya leƙo daga shago. Na daina aika wa maƙwabta. Har suna tsokanata wai 'yar manoma ta koyi rowa, na bar su a haka.

Yanzu in zan je nakan haɗa da masara da mai da taliya, ban da kwakwar yara. Yaya yana karɓa, tunda tsaraba ce, amma ban taɓa fitowa ba sai an biyo ni da garin kuka da busasshiyar kuɓewa, wani lokacin har da kaza. Duk abin da na kai, sai ya san yadda ya yi ya rama. Fadama tana nan a haɗe, kuma da cin abincin 'ya'yansa nake riƙe masa ita.

Bana ma buhun ya zo, da ɗinkin Baba a bakinsa. Na karɓa, na dafa, na kira shi na yi godiya. Ya ce ta yi daɗi? Na ce ta yi daɗi ƙwarai. Na tambaye shi su fa, an ɗanɗana wa yara? Ya ce su sai Sallah, ai ba ta da nisa. Ko watan azumi ba a fara maganarsa ba.